Ku Tambayi Baba: Na Tuba, In Ƙona Jitata Ko In Buɗe Coci?

TAMBAYA

Baba, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni makaɗi ne, jita nake kaɗawa, ina kuma rera waƙa. Tun ina saurayi sana'ata ke nan: biki, suna, otal a ƙarshen mako, wani lokaci har taron 'yan siyasa. Da ita na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Bara da damina, a wani taron farkawa, na ba da raina ga Yesu, aka yi mini baftisma kafin Kirsimeti. Na bar giya, na bar bin mata. To yanzu an sa ni a tsakiya. Wasu 'yan'uwa sun ce jitar nan ta daɗe tana yi wa Shaiɗan hidima, in sayar ko in ƙone. Wasu kuma sun ce tunda duk ranar da na ba da shaida a coci sai mutane sun yi kuka, ai kira ne, in kama ɗaki in buɗe tawa ikkilisiyar. Wani abokina ya ce akwai wani mawaƙin Amurka, Al Green, da ya bar waƙa ya zama fasto, Allah kuma ya sa masa albarka. Gaskiya ne? Ni kuma yaya zan yi?

Ɗanka, daga Kafanchan

AMSA

Ɗana, na yi murna da wasiƙarka ƙwarai, na kuma gode wa Allah dominka. Mutumin da dare ne wurin neman abincinsa, a ce ya bar kwalba ya bar matan waje, ba ƙaramin abu ba ne. Ka gaishe mini da mai ɗakinka, don na san ita ce ta fi kowa ganin bambancin.

Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya gutsura maka labarin ne. Ni na san muryar mutumin nan tun lokacin da nake aiki a gidan rediyo, zamanin faifan garmaho. Har yanzu ina ganin bangon wani faifansa a idona: yana zaune a kan farar kujerar kaba, sanye da fararen kaya, yana murmushi. Masu sauraro kan aiko da kati su ce a sa musu shi, galibinsu ba sa jin abin da yake faɗa, muryar kawai suke so. Bari in ba ka labarinsa dukansa, domin wajen da abokinka ya tsallake shi ne wajen da ya shafe ka.

An haifi Al Green ranar 13 ga Afrilu, 1946, a jihar Arkansas. Shi ne na shida cikin 'ya'ya goma, ubansu manomi ne mai noma gonar wani a raba amfani. Tun yana yaro yake rera waƙoƙin bishara tare da 'yan'uwansa maza, suna bi coci-coci. Daga baya iyalin suka yi ƙaura zuwa Grand Rapids a jihar Michigan. A can ne uban ya kama shi yana sauraron faifan wani mawaƙin duniya, Jackie Wilson, ya kore shi daga gida. Ka riƙe wannan, domin masu cewa ka ƙone jitarka irin zafin uban nan ne da su. Niyyarsu mai kyau ce, amma korar ba ta mai da yaron coci ba, titi ta tura shi.

A ƙarshen shekarun 1960 ya haɗu da wani mai busa ƙaho kuma mai shirya faifai, Willie Mitchell, a wani gidan rawa a garin Midland na jihar Texas. Mitchell ya kai shi Memphis, kamfanin Hi Records, ya hana shi ihu, ya koya masa ya sassauta murya ya yi waƙa a hankali. Daga 1971 zuwa 1974 kusan duk abin da suka fitar sai ya karɓu. A farkon 1972 waƙarsa mai suna Let's Stay Together ta zama ta ɗaya a duk Amurka. Ya sayar da faifai sama da miliyan 20. In ya hau dandali yakan riƙa jefa wa mata jajayen furanni, su kuma suna turereniya su taɓa shi. Bai kai shekara talatin ba, yana da kuɗi, yana da suna, ba wanda ya isa ya ce masa bari.

A 1973, bayan ya gama wasa a wurin shaƙatawa na Disneyland da ke Anaheim a jihar California, ya kwanta a otal. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin: da asuba ya farka yana yabon Allah, yana kiran sunan Yesu, ya kasa tsayar da bakinsa, har ya shige banɗaki don kada ya tashi wadda ke tare da shi. Ya ce a daren nan aka sāke haihuwarsa. To amma ka lura, ɗana, da gari ya waye bai bar waƙa ba. Akwai kwangila, akwai makaɗa da ke ci a ƙarƙashinsa, akwai wasannin da aka riga aka sayar da tikiti. Ya ci gaba da yawo, zuciyarsa a rabe. Yana cikin waƙar soyayya sai ya ɓarke da wa'azi, waɗanda suka biya kuɗi don su yi rawa su tsaya suna kallonsa. Halin da kake ciki yanzu ke nan, shi kuwa ya yi shekaru a ciki.

Ranar 18 ga Oktoba, 1974, wani mummunan abu ya faru a gidansa a Memphis. Wata mata da suke tare, wadda ta so ya aure ta alhali tana da miji da 'ya'ya a wani gari, ta ɗauko tukunyar tsakin masara yana tafasa ta sheƙa masa a jiki a banɗaki, ya ƙone a baya da ciki da hannuwa. Sannan ta ɗauki bindigarsa ta kashe kanta. Mutane da yawa suna cewa wannan ne ya sa ya tuba. Shi kuwa ya nace cewa tubansa ya riga wannan da shekara guda. In haka ne, to abin ya fi ban tsoro, domin yana nuna mutum zai iya saduwa da Ubangiji da gaske, amma tsohuwar rayuwarsa tana nan cikin gidansa ba ta fita ba, har ta ci ran wata. Duk lokacin da ake ba da labarin nan ina so a tuna akwai yaran da suka rasa uwa a daren.

A 1976 ya sayi ginin wani coci a titin Hale, unguwar Whitehaven a Memphis, ba nisa da gidan shahararren mawaƙin nan Elvis Presley. Ya sa masa suna Full Gospel Tabernacle, aka naɗa shi fasto. Nan ne abokinka ya tsaya da labari, ni kuma nan ne ba zan ce ka bi sawunsa ba. Da kuɗin waƙa ya sayi ginin, shi ne mai coci, shi ne fasto, ba wani na sama da shi da zai kira shi ya zaunar. Shekara uku kacal da tubansa. A 1977 ya yi aure, suka haifi 'ya'ya mata, amma matar ta je kotu tana zarginsa da duka, auren ya mutu a 1983. Duk wannan yana kan bagade yana wa'azi. Ban kawo maganar don in tozarta bawan Allah ba, abu ne da ke rubuce kowa ya sani, kuma ni ba alƙalinsa ba ne. Na kawo ta ne don ka ga dalilin da ya sa Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 3, ya ce mai kula da ikkilisiya kada ya zama sabon tuba, don kada girman kai ya kumbura shi. A wurin ya ce kada ya zama mai saurin hannu, ya kuma iya riƙe gidansa, domin wanda ya kasa da gidansa yaya zai iya da jama'ar Allah. Bulus bai sa zaƙin murya cikin sharuɗɗan ba.

Ko bayan ya zama fasto bai bar waƙar duniya nan take ba. Ya rabu da Mitchell, ya shirya faifai da kansa a 1977, kasuwa ta fara ja da baya. Sai a 1979, yana wasa a Cincinnati, ya faɗo daga kan dandali ya ji ciwo. Ya ɗauki wannan a matsayin jan kunne daga Allah. Daga nan ya koma waƙoƙin bishara zalla kusan shekara goma. Cikin shekarun 1980 ya ci kyautar Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa a Amurka, har takwas da waƙoƙin bishara, alhali duk tashen da ya yi a shekarun 1970 ba a ba shi ko ɗaya ba. Sannan a hankali ya komo. A 1988 ya yi waƙa tare da wata mawaƙiyar Birtaniya, Annie Lennox. A 2003 ya koma wurin tsohon maigidansa Mitchell suka sake yin faifai na waƙoƙin soyayya. Wasu masu bi sun ji haushi, suka ce fasto ya koma Masar, wato ya koma tsohuwar rayuwarsa. Shi kuwa ya sha faɗa a hira cewa ya yi addu'a a kan abin, ya gane Allah ne ya ba shi waƙoƙin tun farko, kuma ƙauna tsakanin miji da mata ba abin kunya ba ne.

Ka ga ke nan ko a kan tambayarka ta farko, mutumin da aka kawo maka misali da shi ya yi shekara wajen talatin yana kai da komo kafin hankalinsa ya kwanta. Abin da ke ba ni sha'awa a rayuwarsa wani abu ne dabam. Ikkilisiyar nan ba babba ba ce. Mutumin da aka karrama a manyan zaurukan Amurka, wanda Shugaba Obama ya rera layi ɗaya na waƙarsa a gaban jama'a a 2012, bai mai da cocin wata ƙatuwar daula ba, bai kuma yar da shi ba da kasuwar waƙa ta sake buɗe masa. Tun 1976 har tsufansa, in ba ya kan hanya, ana samunsa a can ranar Lahadi, tare da 'yan unguwa da baƙi masu yawon buɗe ido da suka zo jin murya suka tarar da wa'azi. Farkon da ya yi da gaggawa ban yaba ba, amma daɗewar nan na girmama ta.

Yanzu mu zo kan jitarka. Kada ka ƙone ta, kada ka sayar. Itace ne da waya, ba ta taɓa shan giya ba, ba ta taɓa bin mace ba. Sa'ad da mugun ruhu ke damun Sarki Saul, Dawuda aka kira ya kaɗa masa molo har ya sami sauƙi, yana nan a Sama'ila ta fari sura 16. Zabura 150 kuwa ta jera ƙaho da molo da garaya da ganga da sarewa da kuge, ta ce a yabi Allah da su duka. Masu cewa a ƙone sukan kawo Ayyukan Manzanni sura 19, inda sabbin masu bi a Afisa suka tara kayansu suka cinna wuta. Ka buɗe ka karanta da kanka, littattafan sihiri suka ƙone. Don haka in akwai laya da ka ɗaura a wuyan jitar, ko wani abin farin jini da boka ya ba ka ka saka a cikinta, kamar yadda makaɗa da yawa ke yi, wannan kam ka kira fastonka ku cire ku ƙone tare. Jitar kuma ka goge ta ka sa mata sabbin wayoyi.

Mu nan mun taɓa bin wannan hanya. Iyayenmu sun ba mu labarin lokacin da ba a yarda ganga ta shiga coci ba a wurare da yawa, don ana ganin kayan tsafi ce. Yau ka shiga kowace majami'a daga Kagoro zuwa Biliri ranar da Zumuntar Mata ke da waƙa, ka ji yadda tulu da ganga da kacau-kacau ke tashi, tsofaffi suna share hawaye. Kayan kiɗan ba su canza ba, abin da ake faɗa a kansu ne ya canza, da wanda ake yi dominsa.

Abin da zan ce ka bincika shi ne wuraren da kake kai jitar. Kai ka san inda kake faɗuwa, ni ban sani ba. In daren otal ne, inda ƙarfe biyu na dare wani zai turo maka kwalba kyauta, wata kuma ta zo ta liƙa maka kuɗi a goshi ta tsaya tana kallonka, to ka bar otal, ko da nan ne kuɗin ya fi kauri. Biki da suna kuwa ban ga laifinsu ba. Ubangijinmu da kansa ya je biki a Kana. Sai dai ka tace baitocinka: batsa ta fita, zambo da habaici su fita. Taron 'yan siyasa shi ne na fi jin tsoro, domin a can ana biyan makaɗi ya kira ɓarawo adali, ya zagi wanda bai yi masa komai ba, kuma a yankinku kun san abin da baiti ɗaya na zuga kan jawo. Wanda ya ce ka ajiye sana'ar gaba ɗaya yau, ka tambaye shi cikin ladabi ko zai ɗauki kuɗin makarantar yaran. Bulus ɗin nan dai ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunci bangaskiya. Ka rage a hankali, ka nemi abin da zai cike gurbin: koya wa yara jita, kiɗa a bikin masu bi, naɗar waƙoƙin bishara.

Maganar buɗe coci kuwa, amsata ita ce a'a, ba yanzu ba. Zan gaya maka abin da masu zuga ka ba za su gaya maka ba. Kukan da mutane ke yi in ka ba da shaida, na yarda akwai aikin Ruhu a ciki, amma akwai kuma gwanintarka. Ka yi shekaru kana koyon yadda ake riƙe taro: inda za ka ɗaga murya, inda za ka yi shiru, inda za ka bar magana ta sauka. Da wannan kake sa uwar amarya kuka a wurin biki. Baiwa ce, ba zunubi ba ce, amma ba ita ce kira ba. Shaidarka kuma guda ɗaya ce. Lahadi 52 ne a shekara, ban da addu'ar tsakiyar mako da nazarin Littafi Mai Tsarki. In ka ba da labarin tubanka sau biyar, ran na shida me za ka ciyar da su?

Ni dattijon ikkilisiya ne, na ga aikin fasto a kusa. Mafi yawansa ba a kan bagade yake ba. Ranar Litinin da sassafe mace za ta zo ta zauna a kan benci a ƙofar gidansa, fuska a kumbure, ta ce ba za ta koma ba, shi kuma ya san mijin, ya san mijin ne ya ba da kwanon rufin coci. Ranar Talata yana asibiti a gefen gadon wani yaro, uban yana tambayarsa me ya sa Allah ya yi shiru. Ranar Laraba dattawa biyu sun yi faɗa a kan iyakar gona. Ranar Asabar jana'iza. A cikin waɗannan duka ba mai tafa masa, ba mai liƙa masa ko sisi. Makaɗi in an tashi daga biki yakan naɗe kayansa ya tafi, gobe wani gari. Fasto kamar makiyayi yake da damina, inda garken ya kwana nan zai kwana, da ruwan da sauron. Mutumin da ya saba da tafi, shirun nan yana yi masa nauyi fiye da yadda yake zato.

Akwai wani ɗan ƙasarsu Al Green da gaggawa ta wahalar, Little Richard. A 1957, yana tsakiyar rangadi a Ostareliya, ya ce ya bar kiɗan duniya, ya jefa zobensa mai tsada a ruwa, ya shiga kwalejin Oakwood a jihar Alabama don karatun Littafi Mai Tsarki. A 1962 ya koma dandali a Ingila, ya kuma yi ta shiga da fita kusan duk rayuwarsa. Wanda nake so ka sa a gabanka shi ne Thomas Dorsey. Shi ma makaɗin gidajen rawa ne, mai kaɗa piyano, ana kiransa Georgia Tom, ya yi kuɗi da waƙoƙin da ba za a rera a gaban surukai ba. Ya juyo ga Ubangiji, a 1932 kuma matarsa ta rasu wurin haihuwa, jaririn ya bi ta. Daga cikin wannan baƙin ciki ya rubuta waƙar roƙon Ubangiji ya riƙe hannunsa, wadda aka fassara zuwa harsuna da dama. Da farko coci-coci sun ƙi waƙoƙinsa, suka ce suna warin gidan rawa. Bai yi fushi ya je ya kafa nasa ba. Ya zama shugaban mawaƙa a cocin Pilgrim Baptist a Chicago, ya riƙe aikin shekaru masu yawa a ƙarƙashin fastoci, ya horar da mawaƙa ba iyaka. Ya rasu a 1993, ana kiransa uban waƙar bishara ta baƙaƙen fatar Amurka. Shugaba ne a ikkilisiya, kuma da abin da ya iya ya yi shugabancin.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka zauna a cocin da aka yi maka baftisma. Ka shiga ajin almajiranci ka gama shi. Ka shiga ƙungiyar mawaƙa a matsayin ɗan ƙungiya, ka bi umarnin shugaban mawaƙa ko da ka fi shi iya kiɗa nesa ba kusa ba, wannan kaɗai zai nuna maka abubuwa da yawa game da zuciyarka. Ka rage yawan ba da shaida, kada a mai da kai abin nuni daga wannan taro zuwa wancan. Ka roƙi fastonka ya riƙa tafiya da kai ziyara, gidan makoki da asibiti da kurkuku, ka bar jitar a gida. Bulus da ya ga haske a hanyar Dimashƙu, sai bayan shekara uku ya je Urushalima wurin Bitrus, kamar yadda ya gaya wa Galatiyawa. In shekaru suka wuce abin yana nan yana cinka, dattawa sun gani, mai ɗakinka ta ce ta yarda, to makaranta ba ta yi maka nisa ba. Ga makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro a bayan gidanka, ga wasu makarantun tauhidin, TCNN a Bukuru da JETS a Jos. Ka je a koya maka, a gwada ka, ikkilisiya ta aike ka. Matarka kuwa ka tambaye ta kai da ita kaɗai, ka ce ta faɗa maka gaskiya, kada ka katse ta.

TAMBAYA

Baba, ni ina cikin Zumuntar Mata. Gaskiya ban yarda da mawaƙan nan masu komawa fastoci ba. Ba kasuwa ce ke mutuwa su juyo coci neman baiko ba?

'Yar'uwarka cikin Ubangiji, daga Gombe

AMSA

Mama, na fahimci damuwarki, kuma ba a banza kike yinta ba. Akwai masu yin haka, mun gansu. Amma in muka yi musu kuɗin goro za mu zalunci wasu. Al Green da na ba da labarinsa a sama yana kan ganiyarsa ya juya, kuma bayan ya zama fasto ne cinikin faifansa ya ragu. A nan gida, Chris Okotie yana matashi, waƙoƙinsa na tashe a farkon shekarun 1980, ya ajiye ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki a Amurka, ya dawo ya kafa Household of God a Legas a 1987. Ebenezer Obey, wanda aka haifa a 1942, ya kafa ƙungiyarsa ta kiɗan juju tun 1964, manyan attajiran ƙasar Yarabawa suna layi ya yi musu wasa, a farkon shekarun 1990 ya koma aikin bishara da Decross Gospel Mission. Sonny Okosun, wanda ya yi suna da waƙoƙin yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ya koma waƙar bishara a shekarun 1990, ya kafa House of Prayer Ministry a 1998, ya rasu a 2008. Ba zan ce miki na yarda da duk abin da kowannensu ya yi ba. Okotie, alal misali, ya nemi shugabancin ƙasa a 2003 da 2007 da 2011, ni kuwa ina ganin kiwon ikkilisiya ya isa ya cika hannun mutum. Amma mutanen nan ba yunwa ce ta koro su ba.

Zuciya Allah kaɗai ke ganinta, mu abin da ke fili za mu duba, kuma ma'aunin ɗaya ne ko mutum daga dandali ya fito ko daga aikin banki. Ki tambaya wa ke ƙirga baiko, kuma ko ana karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a. Ki tambaya ko akwai dattawa ko wata majalisa da za ta iya dakatar da shi in ya yi laifi, ko kuwa filin da ginin duk da sunansa suke. Ki duba ko ya zauna an koya masa kafin ya fara koyarwa. Ki dubi fuskar matarsa. Ki ga ko yana zuwa gidan gwauruwar da ba ta da abin ba shi. In ya shekara biyar ana samunsa a waɗannan wurare, ki karɓe shi da hannu biyu, kada ki riƙa tuna masa da gidan rawa. In kuwa ya ƙi a tambaye shi kuɗi, ya ce shi shafaffe ne ba a taɓa shi, ki ɗauki jakarki ki koma cocinku, ki kuma gaya wa matan zumunta dalili.